Jibril Tela da Wayoyinsa

Jibril mutumin Dutsi ne. Yana saurayi ya zo Daura koyon ɗinki, da ya ƙware sai ya kama ɗan shago kusa da kasuwa, da ɗakin haya a bayansa. Ba shi da dangi a garin, kuma shi ba mai surutu ba ne.

Tsallaken titi akwai majalisar samari a gindin darbejiya, inda ake dafa shayi bayan la'asar. Ya daɗe yana wucewa yana musu sallama, su amsa ba tare da sun ɗago kai ba. Ranar da ya sayi babbar waya da kuɗin ɗinkin Sallah, Anwar, wanda shi ne jagoran majalisar, ya hango ta a hannunsa.

"Tela, zo mu gani mana. Tana fitar da hoto?"

Ya ɗauke su, hoto ya fito tas. Aka matsa masa a kan benci, aka miƙo masa shayi.

Daga ranar ya zama ɗan majalisa. Ɗaurin aure a Mai'Adua, suna a Zango, duk da shi ake tafiya, shi ne mai ɗaukar hoto. Da zarar wani ya zo da wayar da ta fi tasa, sai ya rasa sukuni, yana ganin kamar wurin zamansa ne za a ƙwace. Sai ya kai tasa wurin masu waya, ya yi ciko, ya karɓo sabuwa. Ƙaramar Sallah waya, babbar Sallah waya. Kekensa na ɗinki kuwa tsoho ne, yana tsinke zare yana tsallake ɗinki, kullum sai lallaɓawa.

Wata damina ya je Dutsi duba mahaifiyarsa Kande, wadda zazzaɓi ya kwantar. Da ta ɗan ji sauƙi ta ce ya nuna mata abokan nan da yake yawan ambata. Ya zauna bakin tabarma yana tura mata hotuna ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana kallo.

"Masha Allahu, duk sun yi kyau. To kai kana ina?"

"Ni nake ɗauka, Inna."

"A duka?"

Ya ci gaba da turawa yana nema. Ta karɓi wayar ta ajiye masa a cinya, ta ce ya tashi ya ci abinci.

Bai daɗe da komawa Daura ba keken ya tsaya cak, ga yadukan mutane jibge a shago. Mai gyara ya duba ya ce wannan ya gama aikinsa. Jibril ya laluba ya ga bai ajiye ko sisi ba, duk guminsa ya tafi a wayar da ke aljihun gabansa. Ya kai wayar ya sayar, ya sayi keke mai kyau, ya haɗa da 'yar ƙaramar waya ta kira kawai.

Babu wanda ya kore shi daga majalisa. Anwar ya yi dariya da ya ga wayar, ya ce, "Allah ya mayar da alheri, Tela," aka ci gaba da hira. Sai dai in an tashi tafiya ba a waiwayarsa. Da bikin Usman, wani ɗan majalisar da zai yi aure a Kongolam, ya zo, Jibril ne ya ɗinka musu anko. Suka karɓa suka yaba. Da safen ɗaurin auren yana kan keke ya ji tashin baburansu. Ya riga ya goge tasa rigar ya rataye a bayan ƙofa. Ya ɗan dakata har ƙarar ta yi nisa, sannan ya ci gaba da ɗinki.

Yanzu aikinsa ya yi suna, har daga Baure ana kawo masa yadi. Yakan je Dutsi da ɗan cefane, ya kuma gyara wa Kande rufin ɗaki. Da yamma shi kaɗai yake zama a shago, rediyo na magana a gefe. Wani lokaci in ya bi ta layin masu waya yakan tsaya gaban gilashi ya tambayi kuɗin sabuwar da ta fito.

"A ciro maka ne, Tela?"

"A'a, bar ta. Tambaya kawai na yi."

Sai ya wuce ya sayi zare da maɓallai ya koma shago.