Rigar da Baba Adam Ya Musuluntar

Shekaru sun ja, amma ban taɓa mantawa da ranar da Baba Adam ya musuluntar da rigar ɗan kafilinmu ba. Ku da kuka shigo ɗinki a baya-bayan nan ba ku tarar da wannan kalma ba, don haka bari in fara da ita.

A ƙarshen shekarun 1990 ina aiki a wani shagon ɗinki a unguwar Ƙiblatain ta birnin Madina, nesa kaɗan da masallaci. Mu biyu ne a ciki. Ni Idi, da na zo daga Mai Wurno ta Sudan, nawa yanka da ɗinkin jallabiya. Baba Adam kuma, dattijo ɗan Chadi, nasa gyare-gyare: faci, ragi, ƙari, farke ɗinki. Mai shagon, Ammi Bakur, ɗan ƙasa ne, jikan Kanawan da suka zo Hajji da ƙafa suka zauna. Shi ne kafilinmu, wato iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar, tana ƙarƙashin sunansa. Ranar da kafili ya ce ya gaji da kai, sai filin jirgi. Ammi Bakur ba mugu ba ne, amma a kan kayan mutane ba ya ji ba ya gani. A gabana ya sallami mai gugarmu saboda ya ƙona alkyabbar wani ango, mako bai zagayo ba mutumin yana garinsu.

A lokacin ne dish mai kamo tashoshin waje ya shiga gidaje, yaran Madina suka haukace a kan ƙwallon Ingila. Kowane yaro sai ya sa rigar kulob ɗinsa. To wasu rigunan akwai sunan kamfanin giya a ƙirji, wasu kuma akwai gicciye a jikin tambarin. Iyaye sai su kawo mana, su ce: "Sallihha," wato a gyara ta. Mun san me ake nufi. Sunan giya a rufe shi da ƙyalle, tambari mai gicciye a bi shi da reza a cire, yaro ya samu rigar da zai shiga masallaci da ita. Mu a shago muna ce wa wannan aiki musuluntar da riga. Aikin Baba Adam ne, kuma yana son sa fiye da kowane aiki. Da bisimilla yake farawa, in ya gama ya ɗaga rigar ya ce: "To, kin shigo, barka."

Abu ɗaya ya rage ku sani game da shi. Matarsa ta rasu, ba shi da ɗa, ba kowa a Chadi da ke jiransa. Burinsa ɗaya ne, kuma ba ya ɓoyewa: ajali ya same shi a Madina, a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Kowace shekara in an sabunta iƙamarsa sai ya sumbace ta.

Ammi Bakur yana da ɗa, Ustaz Faisal, malamin makaranta, irin yaran nan da ke jin Hausa sarai amma su amsa maka da Larabci. Ya yi karatu a arewacin Ingila, ya dawo da wata cuta: tara tsofaffin rigunan ƙwallo. Na taɓa zuwa gidansa a unguwar Aƙiƙ in auna masa rigunan leda da zai rufe su, ya tsare ni daga la'asar har magariba yana bayani. Wannan ta auduga ce mai kauri, kafin a fara na roba. Wannan mai wuya da maɓalli ta girmi waccan. Wannan ba talla a ƙirjinta, saboda a zamaninta abin kunya ne. Ni dai ina ta gyaɗa kai, raina yana ga aikin da na baro.

Ɗaya ce na riƙe a cikinsu, saboda yadda ya ɗauko ta da hannu biyu. Ja ce da ta koɗe, lambar bayanta ƙyalle ne aka ɗinka. Ya ce ta wani ƙaramin kulob ce a garin masaƙa, kulob ɗin da ya fara daga 'yan cocin unguwa, shi ya sa akwai ɗan gicciye a saman tambarin. An rufe masaƙun, kulob ɗin ya mutu, filin ma an gina gidaje a kai. Tsohon da Faisal ya yi haya a gidansa shi ya buga ƙwallo a cikinta yana saurayi, matarsa ce ta ɗinka tambarin da hannunta, don a lokacin matan 'yan wasa ke wannan aiki. Tsohon ya ba shi ita ranar da zai dawo gida. Faisal ya ce duk sauran za a iya saye, wannan kuwa ba kasuwar da ke da ita.

Wata Laraba cikin Muharram na fita da safe sayo zare da maɓallai. Da na dawo wajen hantsi sai na ga wata jar riga a ninke a kan teburin Baba Adam. Na ɗaga ta. Hammatar da ta yage an ɗinke ta, ɗinkin da sai ka kai ido kusa za ka gani. A ƙirjin hagu kuwa babu komai, sai wani wuri mai siffar garkuwa da ya fi sauran jikin ja. Nan take na gane rigar Ustaz Faisal ce.

Na ce: "Baba, wa ya kawo wannan?"

Ya ce: "Ɗan Bakur. Ya miƙo ta daga ƙofa yana sauri, ya ce sallihha ya ammi, bayan la'asar zai dawo. Na ɗinke hammatar, na kuma musuluntar masa da ita. Wannan ta daɗe a kafirci, Idi, zaren har ya ƙi fita."

Yana murmushi yake faɗa. Ni kuwa na ajiye rigar na tambaye shi:

"Ina tambarin?"

"Yana buhun ƙyalle mana."

Na juya, babu buhu. Ranar Laraba ce wani mai katifa ɗan Yaman yake zuwa daga unguwar Jurf ya kwashe guntayen ƙyallenmu, ya cusa a matasai. Ya zo ya tafi ina kasuwa.

Ban tsaya bayani ba. Na ce masa kawai: "Baba, in Ustaz ya riga ni zuwa, don Allah kada ku ce komai," na fita. Tasi ta ƙi samuwa. Wadda na samu, direban sai da ya biya ya sauke wani fasinja, ina bayan mota ina taka ƙasa kamar ni ke riƙe da totur. Muna isa Jurf aka kira azahar, aka ja ƙofofin shaguna. Na yi sallar, Allah Ya yafe mini, ban san me liman ya karanta ba. Lissafina ɗaya ne: Faisal zai gaya wa ubansa, ubansa zai yi abin da ya saba, tsohon nan zai je ya mutu a inda ba mai ko ɗaukar gawarsa.

Mai katifar ya buɗe, na yi masa bayani, ya dube ni kamar mahaukaci, ya nuna mini tsibin ƙyalle a bayan shago da ya kai ƙirjina. Ya ce buhunmu ya riga ya juye. Na tuɓe takalmi na shiga. Ƙura, zafi, guntayen yadi na duk telolin Madina. Ina tono ina atishawa, shi kuma yana ɗiba daga gefe yana cusawa a matashi, kowane damƙi ya ɗiba sai in bi hannunsa da ido. Na roƙe shi ya dakata, ya ce shi ma yana da mai jiransa. Can na fara ganin ragowar farin yadin da na yanka jiya, na san na iso buhunmu. A ƙarƙashinsa na same shi, ɗan ƙyalle da bai kai tafin hannu ba, da zaki a tsakiya da gicciyen a sama. Reza ba ta taɓa shi ba ko kaɗan. Hannun Baba Adam ke nan.

Na dawo shago ana shirin la'asar, na ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Na ajiye tambarin a gabansa, na gaya masa tarihin rigar a gurguje, na ce: "Baba, ku kuka cire, ku kuka san ramukan allurar. Ku mayar kafin ya zo."

Ya dubi tambarin, ya dube ni. Ya ce: "Hannun nan shekara nawa yana cirewa. Yau kake so ya ɗora?"

"Baba, iƙamarku ce fa!"

"Na ji."

"Kun manta mai guga?"

"Ban manta ba. Idi, in na ɗinka wannan don in samu kabari a Baƙi'a, da wace fuska zan kwanta kusa da mutanen da ke can?"

Wallahi na ji haushinsa. Na yini ina gudu a rana saboda shi, shi yana zaune yana mini wa'azi. Na zagaya shagon, na fita, na dawo, na sake roƙo, ya ɗauki wandon wani ya ci gaba da ragi.

Bayan salla Faisal ya shigo. Kafin in buɗe baki Baba Adam ya miƙe ya ce: "Ɗana, ni na yi. Ka ce a gyara, na yi gyaran da na sani. Ban tambaye ka ba, nan ne laifina."

Faisal ya ɗaga rigar. Ya dubi ƙirjinta. "Esh hada? Esh sawwait, ya ammi?" Me ka yi, me ka yi, yana ta maimaitawa. Ya ce hammata kawai yake nufi, hammata! Ya ce matar da ta yi ɗinkin nan ta mutu, mijin ya mutu, zarenta ne kaɗai ya rage, shi ma an tsinke. Sai ya juya ya kama ƙofa, ya ce zai je wurin babansa.

Na sha gabansa, na nuna masa tambarin, ƙurar Jurf tana kaina har gira. Na ce: "Ustaz, ga shi lafiya lau. Ramukan allurarta suna nan a jikin rigar. Ka ba mu zuwa magariba, za a bi su ɗaya bayan ɗaya. In ka je wurin Ammi, ka san inda tsohon nan zai ƙare."

Ya daɗe yana kallon tambarin. Sannan ya yi magana da Hausa, karo na farko da na taɓa ji daga bakinsa, Hausar tana tuntuɓe: "Rami ɗaya sabo... ba na so." Ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

Na dubi Baba Adam. Ya girgiza kai, ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma raina bai so ba. Tarbiyyarmu ɗaya da shi. Na ɗauki allura ina cewa a zuci: Ya Allah, Ka san ba don gicciyen nake yi ba. Na sa allura a ramin farko, ta fito a inda bai dace ba. Na zare. Na sake, tambarin ya karkace. Ramukan suna nan, amma sun ƙi bin hannuna, rana kuma tana ta sauka. Faisal ya fara kaɗa ƙafa.

Sai na ji muryar Baba Adam, bai juyo ba, kamar da bango yake magana: "Matar bahaguwa ce. Duk mai bin sawunta daga dama zai ɓata."

Na juya rigar, na fara daga hagu. Allura ta shiga ta fita kamar ta san hanya. Ana kiran magariba na ƙulle zaren. Faisal ya kai rigar bakin ƙofa ya duba gaba da baya, ya ninke ta a kan hannunsa, ya tafi ba sallama. Ammi Bakur bai taɓa jin labarin ba.

Kuna tsammanin Baba Adam ya gode mini? Ko kusa. Mun ci gaba da aiki, muna gaisawa, amma maganar rigar bai sake tayarwa ba, ni ma ban tayar ba. Abin ya daɗe yana cina. Wani lokaci in ce ya raina ni ne, yana ganin na sayar da wani abu da shi ya ƙi sayarwa. Abin da na lura kawai, daga ranar duk wanda ya ce "sallihha," sai ya ajiye reza ya ce: "Nuna mini da yatsa."

Bayan 'yan shekaru ya kwanta ciwo, ya rasu a ɗakinsa a Ƙiblatain. Da safe maƙwabcinsa ya zo shago da farin yadi a ƙunshe, wanda tsohon ya saya ya ajiye tun tuni. Ya ce marigayin ya bar wasiyya: likkafaninsa kada kowa ya yanka sai Idi. Na shimfiɗa yadin a kan tebur, na ɗauki almakashi, na kasa ganin layin saboda hawaye. Aka yi masa salla a Harami bayan azahar, muka kai shi Baƙi'a.

To ku yara, in mutum ya ce ku gyara, ku tambaye shi me ya lalace, don abin da kuke gani aibi wataƙila shi ne dukiyarsa. In kuma kuka zauna da irin Baba Adam, kada ku jira godiya daga bakinsu. Ba sa faɗinta, sai dai su miƙa muku aikinsu na ƙarshe.