Ranar da Baba Ya Miƙa wa Kukun Soja Adaka

Maigidana soja ne, amma kuku ne. Na faɗa tun da farko don kada wani ya ce na ɓoye. Shi ke dafa wa mutanen barikinsu shinkafa da wake, a tukunyar da za a iya yi wa yaro wanka a ciki, kuma ni ban taɓa jin kunyar haka ba. Wanda ya ɗauki kunyar ya ɗora wa kansa shi ne Baba, mahaifina, mahalbi ɗan mahalbi, a ƙauyenmu da ke bayan Ɗan Kassari.

Na zo gida haihuwar fari kamar yadda ake yi. Na sauka lafiya, ɗiya mace. Ina cikin shan kunun kanwa sai maigidan ya bugo waya, ya ce an canza masa bariki, an kai shi can nesa, amma an ba shi ɗaki, in na gama wanka zai zo ya kwashe mu. Na yi murna har na kusa zubar da kunun. Tun da aka yi aurenmu nake zaune ni kaɗai a ɗakin haya a Dogon Dutsi, sai ya samu permisiyo, wato hutun soja, ya leƙo kamar mai kawo saƙo ya koma. Na gaji da auren waya.

Inna ta kai wa Baba labari. Ina jin sa daga ɗaki, don Baba bai iya magana a hankali ba.

"Ba inda za ta. Hanyoyi sun lalace, kowa ya sani. In ɗauki ɗiyata da jikata in ba mai ludayi? In abu ya taso da mi zai kare su, da muciya?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma wa ya isa ya mayar wa Baba magana? Sai na sauke fushin a kan Inna, ita kuma ta ce in rufa mata baki in sha kununa.

Kafin ranar suna maganar ta gama ƙauye. A bakin rijiya ita ake yi, a gindin tsamiya ita ake yi. Wasu suka ce duk wanda ya sa kaki dole ne a koya masa bindiga, don ranar da abu ya ɓaci ba wanda zai tsaya tambayar wane ne kuku. Wasu suka ce ai kowa da kiwon da ya karɓe shi, in kowa ya tafi koyon halbi wa zai dafa tuwo? Goggona, yayar Baba, ta ce ita dai ta ji an ce ko kaza ta shiga bariki sai an koya mata fareti. Ni na yi ta faɗa musu abin da maigidan ya gaya mini, cewa kafin a raba su, wannan ga mota, wannan ga asibiti, wannan ga tukunya, duk tare ake ba su horo, kuma haka ya kamata. Ba wanda ya saurare ni. Suka ce mace da mijinta, mi za ta ce in ba haka ba?

Ranar suna sai ga shi a kan kabu-kabu, kaki ya sha guga, takalmi na walƙiya. Ya cire hula, ya durƙusa can nesa ya gaida Baba. Aka raɗa suna, aka yanka rago, sannan mahalba suka fito da adakunsu. A gidanmu haka ake yi, in an yi haihuwa sai an saki bindiga don ƙauyukan kewaye su ji. Ni a ƙa'ida ina ɗaki ina kunyar ɗiyar fari. Ina, ai ina jikin darni da ƙawayena biyu, kowacce ta samu kafar da take leƙe.

Na ga Baba ya ɗauki adakarsa yana ɗura mata albarushi. Ya zuba, ya ƙara, ya sake ƙarawa, ya danna tsumma. A wurin mahalba girmamawa ce, baƙo mai daraja shi ake cika wa, don tasa ta fi ta kowa ƙara. Sai dai na san fuskar Baba, kuma ban da girmamawa har da mugunta. Suruki ba ya magana da suruki kai tsaye a bainar jama'a, sai ya juya ga ƙanensa, Baffa.

"Ka ce wa baƙonmu ga bindiga, ya yi wa ɗiyarsa maraba."

Ita adaka ba a rungumar ta. Mahalbi miƙa hannuwa yake yi, ya nisanta ta daga jikinsa, ya kau da fuska gefe, sannan ya saki. Yaron goye a ƙauyenmu ya san haka. Ba wanda ya yi tunanin faɗa wa soja, ai kamar ka koya wa kifi iyo ne.

Maigidan ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ta, ya duba. Ya ce yara su ja baya, ya jira har sai da suka ja. Ya ɗaga bakinta sama ta wajen gonaki, ya kafa ƙafa, ya dafe gindinta a kafaɗa, ya kwantar da kunci a kanta, ya runtse ido ɗaya. Wallahi ya yi kyau. Na zunguri ƙawata na ce ta kalli mijina. Baffa ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya taka masa ƙafa.

Ƙarar da ta tashi, har yau in na tuna sai kunnena ya yi ƙugi. Zabbi suka watse, jakuna suka ɗauki kuka, wata tsohuwa ta saki ƙwaryar fura. Da hayaƙi ya yaye sai ga sojana zaune daɓas a ƙasa, fuska baƙa ƙirin kamar gindin tukunyarsa, gashin baki ɓangare ɗaya ya ƙone, hular kuwa tana can kan rumbu.

Jama'a suka kwashe da dariya. Ni ma, Allah na gani, na yi ta har na zube a gindin darni ina riƙe ciki. Goggo na share hawaye tana cewa kukun ya dafa kansa. Inna ta zo ta make ni, ta ce mai jego ba ta irin wannan dariya. Sai a lokacin hankalina ya dawo. Dariyar mi nake yi? Ai zamana ne a ƙauye ya tabbata. Na koma kafar darni na leƙa.

Yana zaune har yanzu, leɓe na jini, amma bindigar tana hannunsa, bakinta na kallon sama. Ya tashi a hankali, ya juya ta, ya durƙusa ya miƙa wa Baffa ta wajen gindi. Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon sa.

"Ka ce mishi an koya mishi," in ji Baba. "Ba irin tamu ba ce dai. Wanda bai sani ba, in ta tokare shi jefar da ita yake yi, ko kan wa ta faɗa." Ya ƙara da cewa, "In ta yi arba'in ya zo."

Na yi guɗa daga bayan darni, na manta da kunya gaba ɗaya. Inna ta ƙara mini wani dukan.

Da na yi arba'in maigidan ya zo. Ranar tafiya Baba da kansa ya ɗaura amalanken jaki ya kai mu bakin titi, ya kuma hau mota tare da mu har tashar Dogon Dutsi, wai yana da sayayya a kasuwa. Bai sayi komai ba. Ya karɓi jaririyar ya zauna a kan buhun hatsi, yana ce mata amaryarsa, yana tsokanar ta wai za ta gudu ta bar mijinta tsoho. Fasinja suka cika, direba ya yi ta danna oda, ni ina ta rawar jiki in shiga. Sai da na miƙa hannu sau biyu sannan ya ba ni ita.

"Ke ɗiyar nan," ya ce, bai kalle ni ba, "ko da mijinki ya kaɓo tsuntsu daga sama ido rufe, ni dama ba na son ku tafi."

Mota ta tashi. Na leƙa ta taga, yana nan zaune a kan buhun, hannuwansa a buɗe a kan cinya. Na yi ta kuka har muka wuce duwatsu.