Ranar da Baba Ya Kira Ango

Injiniya bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba. Surukinsa ne ya raɗa masa sunan, ranar da ya buɗe wata tsohuwar kwamfuta ya hure mata ƙura ta tashi. Sunan ya bi shi har rumfarsa ta ƙarƙashin bene, inda yake wuni tsakanin matattun firintoci da igiyoyin cajar da masu su suka manta. Mutum ne mai aiki a tsanake, ba ya son a tsaya masa a ka, kuma ba ya yi wa kowa bayani. A gidan surukansa, duk abin da ke da maɓalli hurumin Injiniya ne, tun daga rimot har agogon bango. Da abu ya lalace shi Baba ke kira, kuma duk da yakan yi tsaki kafin ya ɗauki wayar, bai taɓa barin ta yi ƙara sau biyu ba.

Sai ƙanwar matarsa ta yi aure. Mijin yana sayar da wayoyi a wani shago mai gilashi, yana zuba turare kamar a gidansu ake haɗa shi, kuma har bayan ta haihu ba a daina ce masa Ango ba. Injiniya ba ya ƙin Ango. Ya dai lura cewa dariyarsa ta cika ƙarfi, takalmansa sun cika tsini, kuma Baba na tambayar lafiyarsa fiye da yadda lafiyar saurayi ke bukata.

Wata Asabar da rana aka ɗauke wuta kwamfutar Baba na tsakiyar sabunta manhajarta, ga gargaɗi ɓaro-ɓaro a allo cewa kada a kashe. Masu wuta ba sa karanta allon kowa. Da wutar ta dawo, kwamfutar ta kunnu, ta yi shuɗi, ta mutu, ta sake kunnuwa, haka ta yi ta zagaye.

A bakin matarsa Injiniya ya ji labarin, yana cikin cin abinci.

"Ai tun ɗazu aka kira Ango," in ji ta.

"Aka kira wa?"

"Baba ya ce kada a dame ka, aiki ya yi maka yawa."

"Ni na ce masa aiki ya yi mini yawa?"

Nan take ya tuna ya kwana biyu bai gaida Baba ba. Ya tashi ya nufi gidan, jakar kayan aikinsa ma ta bi shi, wai bisa sabo.

Ya tarar da Ango a kan kujerar gaban tebur, ya naɗe hannun riga, Baba na gefe yana kallonsa kamar likita. Injiniya ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka nuna masa tabarma kusa da ƙofa.

"Yaya, sannu da zuwa, ka huta abinka," in ji Ango. "Baba, kanta ne ya juye. Fomatin zan yi mata, wato wanka, ta dawo kamar jaririya."

"Ka ji bayani," in ji Baba. "Ashe abin nan ana iya gane shi."

Injiniya ya san abin da ke cikin kwamfutar, don shi ya zuba shi. Hotunan marigayiya Mama ne, tun na ƙuruciya, waɗanda ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya kafin ruwan sama ya lalata na takarda. Wankan Ango zai tafi da su duka. Ya kuma san cewa in ya yi shiru, kafin yamma babu mai sake ba Ango ko tocila ya gyara a gidan nan. Ya gyara zama. Ya kalli silin. Ya ga ma fankar na bukatar mai. Shirun ya yi masa daɗi fiye da yadda ya dace da mutum mai shekarunsa.

Allo ya tambaya ko a share komai. Ango ya kai linzamin kwamfutar kan amsar "eh".

"Ango, ɗaga hannunka," in ji Injiniya.

"Yaya, saura dannawa ɗaya."

"Na gani. Tashi."

Ya zauna a kujerar da ta ɗumama da turare. Ya sa filashinsa, ɗan abin ajiyar manhaja, ya tada kwamfutar daga ciki, ya fara kwashe hotunan gefe, sannan ya cire sabuntawar da wuta ta yanke a rabi, ya gyara fayilolin da ke tada na'urar. Bai yi wa kowa bayani ba, kamar kullum. Ango kuwa ya tsuguna kusa da Baba yana fassara.

"Yanzu Yaya yana kwantar mata da hankali. Wannan baƙin allon da ka gani, tiyata ce. Dama hanya biyu ce, tawa ta fi sauri, tasa ta fi tausayi."

Rabin bayanin ba daidai ba ne, sauran rabin kuma ba bayani ba ne. Baba na ta gyaɗa kai.

Kwamfutar ta tashi. Baba ya sa aka buɗe hotunan, ya daɗe yana kallon Mama a bakin wata ƙofa, sannan ya cire tabarau ya goge shi da gefen riga.

"Ango, Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Yau na fahimci kwamfuta. Injiniya, kai ma ka kyauta da ka kama masa."

"Ba komai, Baba."

"Af, karɓi wayar nan. Ɗazu sai da na nemi lambar Ango wajen yara. Sa mini ita, idona ba ya gani sosai."

Ango ya karanto lambar da ƙarfi. Injiniya mutum ne mai amana, bai sauya ko lamba ɗaya ba. Ya adana ta daidai, a ƙarƙashin harafin Z, can ƙasan sunaye, inda yatsan Baba bai taɓa haƙurin kaiwa ba.