Ranar da Gwaggona Ta Ce Ƙasar Tata Ce

Shekarun baya can, tun Turawa ba su naɗe kayansu ba, wani ƙaramin kamfani ya zo wankin zinari a rafin da ya ratsa gonakin gidanmu, a gindin duwatsun da ke tsakanin Zuru da Ribah. Ni a lokacin saurayi ne mai ji da kansa. Na ɗan taɓa makarantar mishan, na iya rubuta sunana, ina da gajeren wando na kaki, ga shi ina cikin shekarun golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa a wajenmu kafin a ba shi mata. A ganina duk ƙauyen babu wanda ya kai ni wayewa.

Da farko ba mu damu da masu zinarin ba. Suna can cikin yashi da ƙoransu suna tankaɗe, mu muna kan kunyoyin dawarmu. Sai wata rana malamin En'e ya hawo ƙauyenmu yana tura keke. Bakabe ne, dogo, mai sanyin magana. Ya zauna a gindin ɗorawar ƙofar gida, aka kawo masa ruwa, ya shiga yi wa mahaifina bayani, ni kuma ina juya maganar zuwa yarenmu duk inda Hausar tsohon ta gaza.

Ya ce doka ce. Duk ƙarshen wata dole kamfanin ya kai wa gwamnati rahoton zinarin da ya wanke, da wurin da ya wanke shi, da sunan mai ƙasar. Shi kuma mai ƙasar ya je ofishin En'e a Zuru ya dangwala yatsa, shaidar da saninsa ake aikin. Daga nan gwamnati ta ɗauki kasonta, a ware ɗan abin da suke kira ladan ƙasa a ba masu wurin.

Mahaifina ya ce, "In ba a sa sunan kowa ba fa?"

Malamin ya ce, "To, Maigida, sai a rubuta daji ne, babu mai shi. Daga nan kamfani ba shi tambayar kowa. In zinarin ya bi tudun can, su ma bin shi za su yi."

Tudun da ya nuna da haɓa, nan ne kaburburan gidanmu. Kowane kabari da tukwanensa na yumɓu a kai, waɗanda matanmu ke ginawa, wasu da siffar mutum, wasu da ta dabba. Mahaifiyata tana can tun ina goye.

Za ku ce abu mai sauƙi, tsoho ya ba da sunansa a wuce wurin. To a gidanmu mai rai ba ya cewa ƙasa tasa ce. Kana iya cewa dawata, akuyata, fartanyata. Gona kuwa sai dai ka ce "inda nake noma". Masu ƙasa su ne waɗanda ke kwance a cikinta, mu aro suka ba mu. Wanda ya buɗe baki ya ce tawa ce, ya roƙi a kai shi wurin masu ita ke nan, kuma kowa ya yarda ba zai ga girbin shekarar ba.

Saboda haka mahaifina ya ce a rubuta sunan kakansa.

Malamin ya ɗaga alƙalami, ya ce, "Shina raye?"

"Yana tudu."

Malamin ya ajiye alƙalamin a hankali. Bai yi dariya ba, kuma har yau ina ganin girmansa a kan haka. Ya ce, "Maigida, wanda ya riga mu gidan gaskiya ba shi dangwala yatsa. Ba ni na yi dokag ga ba. Ku yi shawara, kafin wata ya ƙare ku turo min mutum mai rai."

Kashegari da hantsi mazan gida suka taru. Ƙannen mahaifina kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ni kuwa sai na miƙe, na gyara wandon kakin nan, na ce a sa sunana. Na ce ni na shiga majami'a, irin waɗannan abubuwa ba sa kama ni. Mahaifina ya dube ni kawai.

Kafin la'asar cikina ya ɓaci. Na yi ta sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida, ina lissafin yarinyar da nake yi wa golmo za ta koma hannun wani. Har yau ina cewa ɗanyen wake ne na ci. Gwaggona ce ta kawo min jiƙo. Ita ce yayar mahaifina, 'yar fari a ɗakinsu, ta dawo gida bayan mijinta ya rasu, kuma ita ta raine ni. Haƙora sun ƙare mata, amma bakin yana nan da kaifinsa. Ta miƙo min ƙwaryar ta ce, "Sha, jarumi. Ko sunan ba a rubuta ba tukuna." Daga ranar ban sake tayar da zancen ba, kuma ba wanda ya tuna min.

A kwanakin da suka biyo baya sai na ga mahaifina ya canza. Ya zaga da ni gonaki yana nuna min duwatsun iyaka. Ya ɗauki bakansa na farauta ya ba ƙanensa. Ya gaya min rumbun da za a fara buɗewa in yunwa ta zo. Bai ce zai tafi Zuru ba, amma na gane. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, domin uwa ta tafi, ga shi uba yana haɗa kaya a gabana.

Ranar tafiya ya fito da sandarsa, sai ya tarar da Gwaggo zaune a bakin ƙofa. Ta shafa man kaɗanya, ta ɗaura zanenta na zuwa biki.

Ta ce, "Ina za ka, ƙanena?"

Ya ce, "Kin sani, Yaya."

"Koma ka zauna. Kai akwai bakuna a bayanka. Ni tukunyar kabarina da hannuna na gina ta tun bara waccan, tana ƙarƙashin rumbu tana jirana. Tsakanina da masu ƙasar nan taku kaɗan ya rage. In na ce tawa ce, ban yi ƙarya mai yawa ba."

Ya ce ai ita mace ce. Ta ce a gidan nan aka binne cibiyarta kafin a san za a haife shi. Ya ce ba zai iya ba. Ta ce ba tambayarsa take yi ba, a kawo mata jaki. Mahaifina ya juya fuskarsa wajen danga, ya daɗe a haka. Ni na ɗaura wa jakin shimfiɗa.

A ofishin En'e malamin ya yi turus da ya gan mu. Ya duba takardar dokar, ya sake dubawa, ya ce abin da aka rubuta mutum mai rai ne daga gidan, wanda gida ya yarda da shi, ba a ce namiji ko mace ba. Sannan ya ce dole ya ji daga bakinta. Ya ce, "Inna, ƙasag ga taki ce?"

Na buɗe baki zan juya maganar kamar yadda na saba, sai na ji ta mintsine ni a cinya. Ta ce min da yarenmu, "Rufe bakinka. Wannan ba za ta bi ta harshenka ba." Sai a lokacin na gane, da na fassara amsarta, ni ma na faɗi kalmar ke nan. Ta dubi malamin, ta ce da Hausa, "Tawa ce." Ban taɓa jin ta yi Hausa ba sai ranar. Ta dangwala yatsa, ta goge tawadar a wandona na kaki.

Muka dawo, gari ya zauna jiran mutuwarta. Kowa ya yanka kaza sai ya aiko mata da cinya. Ita kuwa ta ci abinta, har ta fara zaɓe. Girbi ya zo, aka gan ta a masussuka tana sheƙa. Wani girbin ya zo, tana nan. Tafiyar Zuru ta ƙarshen wata ta zama mata yawon shan iska, malamin En'e ya zama "mijina" a bakinta, kuma ba ta dangwala yatsa sai ya karanta mata rahoton daga farko har ƙarshe na juya mata. Ladan ƙasar ba ta taɓa ci ba. Gishiri take sa a saya a raba gida-gida, abin da ya rage a sayi akuya a kai tudu.

Da zinarin rafin ya ja baya, kamfanin ya nemi hawa tudun. Doka ta sa sai sun tambayi mai ƙasa. Suka zo da tafinta, suka yi dogon bayani, ta saurara har suka gama, ta ce a'a. Ba a jima ba suka kwashe ƙoransu suka tafi. Ita ta ga tafiyarsu, ta ga aurena, ta goya ɗana na fari.

Wata rana muna ɓarar gyaɗa na tambaye ta, "Gwaggo, ranar nan ba ki ji tsoro ba?"

Ta ce, "Ni? Har na jiƙa zanena a kan jakin. Kai ne ba ka lura ba, kana gaba kana taƙama da wando."

Ta rasu da damina, ana gab da samun mulkin kai. Muka kai ta tudu, daga baya aka ɗora mata tukunyarta. Malamin En'e ya turo kekensa ya zo gaisuwa. Da zai tafi ya ja mahaifina gefe, ya ce ko da kamfani ya tafi, sunan mai ƙasa yana nan a littafin En'e, sunan wa za a mayar.

Mahaifina ya ce, "Bar shi yadda yake, Malam. Da can ne takardarku ke da 'yar ƙarya a ciki. Yanzu ta zama gaskiya."

Malamin ya dubi tudun, ya mayar da alƙalaminsa aljihu.

Yau ni ma haƙoran sun fara sallama. Na tsufa a majami'a, in ka tambaye ni zan ce maka kalma ba ta kashe mutum, ga Gwaggo ma shaida. Amma ita ba ta san haka ba ranar da ta hau jakin nan, kuma wannan ne ke sa ni hawaye har yanzu. Jikokina suna yi min dariya, wai har gobe ban iya cewa "gonata" ba. Ban iya ba kuwa. Duk shekara kafin shuka nakan hau tudun in cire ciyawar da ke kewaye da tukunyarta, in ce, "Sannu da hutawa, mai ƙasa. Mun zo aro."