Yadda Na Hana Mama Zuwa Nijar

Wata Asabar cikin damina, shekarar da wayar salula ta fara shiga hannun mutane, na dawo daga gonarmu ta bayan Tungan Maje da ɗaurin yakuwa a kai, sai na tarar Mama ta fito da babbar tukunyarta tsakar gida tana dirza ta da yashi. Ina aji huɗu na firamare a lokacin, kuma tun ina ƙarama ba a cika yi mini bayani in gamsu ba. Na sauke yakuwar na tsaya ina kallonta.

A unguwarmu kowa ya san mace ba ta fita da tukunyarta sai in aure ya mutu. Da idona na ga Maman Bulus, maƙwabciyarmu, ta ce za ta Gwagwalada duba 'yar'uwarta, ta ɗaure tukwanenta a bayan babur, ba ta sake waiwayo mu ba. Bulus a gidanmu ya koma cin tuwo.

Mama kuwa cewa ta yi zumuntar matan cocinmu za su tafi Nijar aikin bishara na mako biyu, ita ce mai dafa musu abinci. Shekara guda tana ɗokin tafiyar nan, don ko Kaduna ba ta taɓa wucewa ba. Ni dai ban yarda ba, na shiga tara shaidu. Ta koya mini tuƙa tuwo, ta nuna mini inda take ɓoye daddawa, ta yi mini ƙananan kitso irin masu daɗewa. Baba, direban wata ma'aikata a cikin gari, ya rage surutu. Matar fasto takan zo su yi ta ƙus-ƙus, ina shigowa su juya zuwa Turanci. Ko a filin makaranta muna 'yar gala-gala, hankalina yana gida. Da na tambayi Mama dalilin tafiya da tukunya, cewa ta yi, "Ke Rahila, mutum talatin a tafin hannuna zan dafa musu?" Ta yi dariya. Dariyar ma ban yarda da ita ba.

Ana gobe tafiya da la'asar ta fita ɗebo ruwa. Na zaro fasfo ɗinta daga cikin Littafi Mai Tsarki, na naɗe a leda, na cusa can ƙasan buhun dawa. Washegari aka birkice gidan, Baba har katifa ya ɗaga, ni ma ina taya su nema kamar gaske. Duk da haka muka tafi tashar Zuba, ko za a yi mata alfarma. Matan sun sha anko suna ta waƙa tsakanin motocin lemo da kankana. Matar fasto ta kama hannun Mama ta ce, "Maman Rahila, ba takarda, a boda ba za a bar ki ki wuce ba fa."

Mama ta sa aka sauke jakarta. Da yaron mota ya kai hannu kan tukunyar, ta ce, "Bar ta. Ku tafi da ita, kada ku rasa abin dafawa." Motar ta tashi da tukunyar a samanta, Mama tana tsaye tana ɗaga hannu tana ƙarasa musu waƙar. A nan na gane abin da na yi, kunya ta rufe ni.

Bayan wata biyu dawar ta yi ƙasa, ledar ta fito a gabana. Mama ta buɗe, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗauki dawar ki kai niƙa." Ba ta faɗa wa Baba ba.

Yanzu gonar ta zama gidajen haya, gwiwoyin Mama kuma ba sa kai ta ko bakin titi. Sau biyu ina zuwa Nijar da matasan coci. Duk dawowata takan sa in zauna kusa da ita, ta yi ta tambaya: me suke ci, yaya suke gaisuwa, ana samun icen girki kuwa? Nakan ba ta amsa dalla-dalla, ba na tsallake komai. Abin da ya rage in iya mayar mata ke nan.