Albashin Jidda da tiyar Inna

Shekarun baya, ba a jima da ba mu jiharmu ta Zamfara ba, ina koyar da Arabiyya a wata firamare a Ƙauran Namoda. Sai wani abokina ɗan Shinkafi ya zo ganin gida daga Jidda, inda yake aikin shara, yana ta ƙamshin turare. Da ya faɗa mini abin da ake biyan ƙaramin lebura a can, na juya shi zuwa naira a bayan littafin darasi, da ajami, don kada sauran malamai su leƙa. Na ga mai tsintsiya ya ninka ni, ni da rawanina.

Kafin mako ya zagayo har na sami mai sayen gonarmu ta gado a Dauran, don in yi kuɗin jirgi. Yardar mahaifiyata kaɗai ta rage. Na ɗauki abokin nawa muka tafi, shi ne shaidata.

Muka tarar tana bakacen gero. Ta saurare ni har na ƙare, sannan ta tambayi abokina tiya nawa ta gero albashin nasa yake saye. Ya ce ai gero a can sai an yi sa'a, a 'yar leda, da tsada kamar magani. Ta tambayi makwanci, ya ce su takwas ne a ɗaki, kuma biya suke. Ta tambayi ruwan sha. Ya sosa ƙeya.

"Har ruwa saye kuke, ɗan nan?"

"Wallahi saye muke, Inna."

Ta turo tiyar gabana. "To Malam, auna naka da wannan a Kasuwar Daji, ka auna nashi a can, sannan ka dawo mu yi zancen gona."

Ban dawo da zancen ba. A hanya abokina ya yi ta dariya, ya ce shi ma tun da ya je bai taɓa ƙoshi da fura ba.

Har yau in na ji ana kwatanta albashin ƙasashe a rediyo, tiyar nan nake tunawa, Allah Ya jiƙan mai ita. Abokina kuwa, ranar da zai koma Jidda, abin da ya roƙa a matsayin tsaraba shi ne rabin buhun gero. Daga gonar da na so sayarwa aka auna masa.