Tumunina Cikin Gwangwanayen Malam

Ina tsugune bakin rariya ina ɗauraye ledoji, ƙanin mijina ya yi sallama. Hantsi ne. Shi mutum ne da ba ya shigowa gidanmu sai da tsokana, tun daga zaure yake fara kirana matarsa, wai in kawo masa abinci, ni kuma in ce ya je ya nemi tasa can gaba. Ran nan sai ya tsaya daga bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya ce, "Yaya, sannu da aiki." Bai taɓa ce mani Yaya ba. Na miƙe da leda a hannu, ruwa na zuba bisa ƙafata.

Ya ce Malam ya faɗi a hanya, wajen Ƙofar Marusa, yana dawowa daga kasuwa da ƙafa. Mutane sun ɗauke shi zuwa asibiti, amma kafin a isa rai ya yi halinsa. Na yi salati. Sannan na shanya ledar a igiya, don ban san inda zan ajiye ta ba.

Wankin leda aikin Malam ne, ni taya shi nake yi. Duk ledar da ta shigo gidanmu, in dai ba ta yage ba, sai an wanke ta, an shanya, an ninke. Baƙo in ya shigo, kafin ya ga mutanen gida, ledoji ne ke tarbarsa, baƙaƙe da farare suna kaɗawa a igiya. Malam direba ne a wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya, kuma ba za a ce muna cikin rashi ba. Hali ne kawai. In ya ga ƙusa a ƙasa, ko yana sanye da babbar riga sai ya duƙa. Ya kawo ta gida, ya ɗora bisa wani dutse da ke gindin zogale, ya yi ta bugu a hankali har ta miƙe, ya jefa gwangwani. Ruwan alwalarsa a tsohon kwano yake tarewa ya ba zogalen. Man goge baki in ya ƙare, sai ya tsaga robar da reza, mu ƙara kwana muna lakata. Tsinken ashanar da aka riga aka ƙyasta ma ba ya zubarwa, da shi ake ɗaukar wuta daga wannan murhu zuwa wancan.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne sabulu. Duk guntun da ya sirance, na wanka da na wanki, sai ya tara su, ya jiƙa, ya matse su wuri guda har su zama dunƙule mai launi-launi. Na taɓa tambayarsa, "Malam, wannan na wanka ne ko na wanki?"

Ya ce, "Wanda ya fito sama ranar, shi ne."

Wata rana mutum ya fito bayi yana ƙamshin turare, wata rana yana warin sabulun wanke-wanke. A unguwa akwai masu ce masa mai maƙo. Ya sani, bai damu ba. Ba ya hana abinci, ba ya hana aro, amma ka zubar da abin da ke da sauran amfani a gabansa, ranar ba za ka ji daɗin gaisuwarsa ba.

Yaranmu uku. Ta fari mace, sai maza biyu. Mazan sun ɗauki abin wasa, in ya juya baya su yi ta kwaikwayon yadda yake duƙawa. Ita kuwa ɗiyar fari abin ciwo yake yi mata. Tun tana makaranta ba ta son ƙawayenta su rako ta gida. In ta ji za a yi baƙi, sai ta riga kowa tashi ta kwashe ledojin daga igiya ta cusa ƙarƙashin gado, shi kuma ya zo yana nema. Ni ban cika sa baki ba. Ɗiyar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in zauna in lallashe ta a gaban mutane. Haka muka taso muka gani, haka na yi.

Da aurenta ya zo, dangin mijin mutanen GRA ne, can aka yi walima. An ci an sha, mutane sun fara watsewa. Daga wajen mata na hango Malam, uban amarya, cikin sabuwar shaddarsa, yana bin kujeru yana tsince robobin ruwa da robobin abinci da aka ci aka bari, yana zubawa cikin wani buhu. Masu aikin gidan sun tsaya suna kallonsa, sun rasa ko su taya shi ko su hana shi. Amarya ma ta gani ta taga. Aka ce mani ta yi kuka har kwalliyarta ta ɓaci, mutane suka ɗauka kukan rabuwa da gida ne. Da muka dawo na yi masa magana, abin da ban saba ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi bai ga abin kunya a roba mai murfi ba. Washegari ya wanke su tas ya jera a rana. Daga baya mijinta ya samu canjin wurin aiki suka koma kudu. Tana zuwa da salla, tana gaishe shi da ladabi, amma maganar walima ba wanda ya ƙara tayar da ita.

Bayan an yi sadakar arba'in, ina cikin takaba, aka sa ranar rabon gado. Limamin unguwarmu ya zo, da ƙannen Malam a matsayin shaidu. Tun kafin ranar liman ya aiko cewa kada a taɓa komai, kada a zubar da komai, domin abin da mamaci ya bari, ko allura ce, haƙƙin magada ne. Saboda haka da aka gama maganar gida da tufafi da keken da ya daina hawa, sai liman ya tambaya ko akwai saura. Yaran suka dubi juna. Babban namijin ya ce akwai tarkace a ɗakin zaure, amma ba abin kirki ba ne. Liman ya ce a fito da shi.

Aka shimfiɗa tabarma tsakar gida, aka yi ta fitowa da kaya. Gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, manya daban, ƙanana daban. Maɓallai. Murafun kwalba. Igiyoyi a nannaɗe. Silifa marasa 'yan'uwa, waɗanda yake yankar maɗaurinsu ya gyara wasu. Ledoji a ninke, an ɗaure su dami-dami. Dunƙulen sabulu da ba a fara ba. Ina daga cikin ɗaki, bayan labule, ina kallon rayuwar mutum a baje, maza na tsaye a kanta. Wani daga cikin ƙannensa ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ce Yaya ke nan, Allah ya jiƙansa. Shi kansa liman sai da ya sunkuyar da kai yana gyaran rawani.

'Ya'yana maza suka ce sun yafe nasu, a kira masu sayen gwangwan su kwashe, abin da ya rage a kai bola. Liman ya juyo wajen labule ya ce, "Malama, ke fa? Kina da tumuni a ciki, kashi ɗaya cikin takwas. Kin yafe?"

Na buɗe baki in ce na yafe, don shi ne abin da ake jira. Sai na ji na ce, "Allah gafarta Malam, ban yafe ba."

Ƙanin mijina, wanda ya kawo mani labarin rasuwar, ya yi ƙoƙarin mai da abin wasa, ya ce to matata za ta buɗe shagon ƙusa. Ba wanda ya yi dariya sosai. Babban ɗana ya ce ai shi ke nan, a bar wa Inna duka, su sun ba ni. Liman ya ce nasu suka bayar, saura mutum guda ba ta yi magana ba.

Ɗiyar fari, da ta zo daga kudu, tana zaune gefen tabarma, ta ja mayafi har goshi. Ban ga fuskarta ba, hannunta kawai na gani, ta ɗora shi bisa wani tarin robobin abinci masu murfi, an jera wani cikin wani, sun yi ja don tsufa. Sannan ta ce, "Ni ma ban yafe ba."

Liman ya ce to, wannan tsakanin uwa da ɗiya ne, mu zauna mu raba da kanmu yadda muka yarda, in mun gama a sanar da shi. Aka yi addu'a, aka watse. Mazan suka mayar da kayan ɗakin zaure.

Kwana biyu ta ƙara a gidan. Ta yi mani wanki, ta yi girki, ta share ko'ina. Sau da yawa mun haɗu a bakin ɗakin zauren, ita ta kauce, ni in wuce. Na so in ce mata zo mu zauna. Na so in tambaye ta ko robobin nan su ne na ranar, ko ta gane su. Amma ban saba kiranta ba, ita ma ba ta saba in kira ta ba, kuma wanda ke shiga tsakaninmu da magana, ya ce ke uwarki na nemanki, ya ce ke ɗiyarki na gaishe ki, shi ne ba ya nan. Ranar tafiyarta ta durƙusa ta yi mani sallama, ta ce sai ta dawo. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Na fita takaba tuni. Tana bugo waya ranar Juma'a, mu gaisa, ta tambayi ƙafata, in tambayi yara. Wani lokaci sai ta yi shiru kamar za ta ƙara wata magana, ni ma in yi shiru, sannan ta ce to Inna, sai an jima. In maƙwabta sun aiko neman ƙusa, kamar yadda suka saba, sai in ce su yi haƙuri, ba tawa ba ce ni kaɗai. Liman ya aiko yana tambaya ko mun gama. Har yau ba mu zauna mun raba ba.